Jinyar kyanwa da rubutun masoya shirin talabijin: amsa ga wata marubuciya a Maradi

Wata matashiya a nan Maradi ta aiko mini da tambaya mai rassa biyu. Ta ce kyanwarta, wadda ba ta wuce shekara biyu ba, ta kwana biyu ba ta taɓa abinci ba, tana atishawa, idanunta suna kwantsa, majina ta toshe mata hanci, kuma wata maƙwabciya ta ba ta shawarar ta ɓalli kwatan ƙwayar farasitamol ta jiƙa ta ɗura mata. Ta ƙara da cewa ita ma'abociyar kallon wani shiri ce mai dogon zango, tana ƙirƙirar labarai da mutanen cikin shirin tana sakawa kowane dare a wani zauren WhatsApp, to yanzu jinya ta hana ta rubutu, masu karatu sun matsa mata, wani kuma ya ce mata abin da take yi satar fasaha ce. Tana son sanin yadda za ta ceci kyanwar, da kuma ko ya halatta ta ci gaba da rubutun, har ma ta fara karɓar kuɗi a kansa.

Ƙanwata, aikina likitancin dabbobi ne, kuma na daɗe ina karanta irin rubutun da kike yi, saboda haka zan amsa duka biyun, amma zan fara da kyanwar domin ita ce rayuwarta take cikin haɗari. Kada ki ba ta farasitamol, ko kaɗan, ko sau ɗaya. Hantar kyanwa ba ta da isasshen sinadarin da hantar mutum take amfani da shi wajen sarrafa wannan magani ta fitar da shi, don haka sai ya rikiɗe ya zama guba a jikinta, ya lalata jajayen ƙwayoyin jini har su kasa ɗaukar iska. Miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinta ya isa ya fara yi mata illa, alhali kwatan ƙwaya mai miligiram 500 miligiram 125 ne, wanda a jikin kyanwa mai kilo 3 ya ninka wancan ma'auni sau huɗu. Cikin ƴan awoyi za ki ga dasashinta ya koma ruwan ƙasa ko ya yi duhu, fuska da dagi sun kumbura, tana numfashi da ƙyar. Idan har an riga an ba ta kafin amsar nan ta iso gare ki, to ki kai ta wurin likita yanzu, ki faɗa masa abin da aka ba ta da lokacin da aka ba ta, domin akwai makari, amma amfaninsa yana ga saurin ba da shi. Haka nan ibufurofen da dikulofenak, waɗanda kusan kowane gida yake ajiyewa, suna kashe ƙodar kyanwa suna kuma yi mata gyambon ciki. Maƙwabciyarki da kyakkyawar niyya ta faɗa, ki gode mata, ki kuma sanar da ita wannan domin kada ta gwada a kan tata.

Alamomin da kika lissafa sun fi kama da murar kyanwa, wadda mafi yawanta wasu ƙwayoyin bairos guda biyu ne suke kawo ta, ɗaya ya fi taɓa ido da hanci, ɗayan kuma yakan fito da gyambo a kan harshe da cikin baki. Ba ta kama mutum, amma tana yaɗuwa da sauri tsakanin kyanwoyi ta hanyar majina da kwanon ci da hannun mai jinya, kuma sanyin hunturu da ƙurarsa suna ƙara tsananta ta. Ba zan iya tabbatar miki da cutar daga nesa ba, sai an duba ta, amma abin da ya fi damuna a bayaninki shi ne kwana biyun da ta yi ba ci. Kyanwa da hancinta take zaɓen abinci, idan ya toshe sai ta juya wa kwano baya ko da yunwa tana cinta. Jikinta kuma ba ya jure dogon rashin ci: idan ta ɗauki kwanaki ba ta ci ba, kitsen jikinta yakan taso ya taru a hanta har hantar ta kasa aiki, kuma mai ƙiba ta fi saurin faɗawa cikin wannan. Kyanwar da ta cika kwana biyu ba ci ta kai matsayin ganin likita a yau.

Na san amsar da za ki ba ni, cewa masu aikin dabbobi a garin nan shanu da awaki da tumaki da kaji suka fi sani. Gaskiya ne aikinmu a jihar Maradi ya fi karkata ga dabbobin kiwo, kuma ba abin mamaki ba ne a yankin da jar akuyarsa ta yi suna har ƙasashen waje. Duk da haka cikakken likitan dabbobi, irin waɗanda suka yi karatu a makarantar likitancin dabbobi ta Dakar ko makamanciyarta, ya karanci kare da kyanwa, kuma za ki iya neman irinsa a ma'aikatar kiwo ta jiha ko a wuraren shan maganin dabbobi masu zaman kansu. Abin da nake gargaɗinki a kai shi ne ki sayi maganin shanu a kanti a yi mata allura da ƙiyasi. Magungunan tsutsar ciki da na kaska da allurai masu dogon aiki da ake sayarwa don shanu an haɗa su ne da ƙarfin da ya dace da dabba mai ɗaruruwan kilo, ɗigo kaɗan na ƙari yana iya sa kyanwa makyarkyata da farfaɗiya. Kafin ki tafi ki auna ta: ki hau sikeli da ita a hannu, ki sake hawa ke kaɗai, bambancin shi ne nauyinta, kuma a kan wannan adadi likita zai lissafa kowane magani. Ki saka ta a kwali ko kwando mai murfi da ƙofofin iska, kada ki rungume ta a kan kabu-kabu, domin ƙarar hanya tana iya sa ta kuɓuce. Idan likita ya rubuta mata ƙwaya, musamman dokisisaikilin da ake yawan bayarwa a irin wannan mura, ki bi kowace ƙwaya da ɗan ruwa, saboda idan ta maƙale a maƙoshi tana ƙona shi.

Sauran aikin na gida ne, kuma a nan ne yawancin kyanwoyi suke warkewa ko su lalace. Ki keɓe ta a ɗaki mai ɗumi wanda ƙura ba ta shiga, nesa da sauran kyanwoyi. Ki jiƙa auduga da ruwan ɗumi da aka tafasa ya huce, ki goge mata ido da hanci sau uku ko huɗu a yini, kowane ido da audugarsa. Ki shigar da ita makewayi ko ƙaramin ɗaki a cikin kwandonta, ki ajiye bokitin ruwan zafi nesa da inda za ta iya taɓawa, ki rufe ƙofa minti 10 zuwa 15 domin tururin ya sassauta majinar. Ruwan zalla nake nufi, kada ki zuba man shafawa mai yaji ko ganyen turare irin wanda muke yi wa kanmu sirace da shi, domin mayukan nan suna cutar da hantarta. Ki dakatar da turaren wuta da maganin sauro mai hayaƙi a ɗakin da take, kada kuma a fesa piya-piya ko wani maganin ƙwari a kusa da ita. Wajen wanke ɗakin da kwanoninta ki yi amfani da ruwan jabel, ma'auni ɗaya a cikin ma'auni 32 na ruwa, ki ɗauraye ki bari ya bushe. Magungunan wanke ɗaki waɗanda suke sa ruwa ya yi fari idan an zuba su ki nisanta su da ita, saboda takan taka ta lashe dagi.

Da zarar kin share mata hanci, a lokacin ne za ki miƙa abinci, kuma ya zama mai ƙanshi da ɗan ɗumi: dafaffen naman kaza da aka daka, ko kifin da aka cire wa ƙaya tsaf, ko sardin na gwangwani da aka tsiyaye mansa. Kada a sa gishiri ko magi ko yaji, kuma albasa da tafarnuwa, ɗanyu ko dafaffu, suna fasa mata ƙwayoyin jini, wanda ya sa romon miyarmu da kilishi da tsire ba abincin majinyaciyar kyanwa ba ne. Tuwo da fura ma ba za su riƙe ta ba, domin ita halittar cin nama ce, akwai sinadaran da jikinta ba ya iya haɗawa sai ta same su a nama. Madara kuwa, duk da yadda aka saba ba su, yawancin manyan kyanwoyi zawo take sa su. Ki ɗan shafa abincin a yatsa ki kai bakin hancinta, ki ba ta kaɗan-kaɗan sau da yawa, kada ki danne ta ki cusa. Ruwan da take buƙata a yini ya kai kimanin mililita 50 a kan kowane kilo, wato mililita 150 ga mai kilo 3, ƙasa kaɗan da sulusin ledar ruwa ta rabin lita. Idan ba ta sha da kanta, ki cire allurar sirinji ki ɗiga mata mililita 1 ko 2 ta gefen baki, ki jira ta haɗiye kafin ki ƙara, kanta a daidai ba a ɗage sama ba, domin kada ruwan ya bi hanyar huhu.

Akwai abubuwan da idan kika gani ba a jiran gari ya waye. Numfashi da baki buɗe shi ne na farko, domin kyanwa ba ta haki kamar kare sai abu ya yi tsanani. Ki ƙirga numfashinta tana barci, idan ya wuce 30 a minti ɗaya kuma ya ci gaba a haka, ki kira likita. Zafin jikinta na lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39 da ɗigo 2, saboda haka jin ɗuminta a tafin hannu ba shaidar zazzaɓi ba ne, amma kunnuwa da dagi masu sanyi tare da kasala alama ce mai ban tsoro. Ki ɗaga leɓenta ki duba dasashi: na lafiya yana da ɗan ja da danshi, fari ko rawaya ko busasshe yana nuna matsala. Ki ɗan ja fatar da ke tsakanin kafaɗunta ki saki, idan ta tsaya a tattare to ruwan jikinta ya ragu, sai an yi mata ƙarin ruwa. Amai da zawo mai wari tare da wannan kasala suna iya zama wata cuta dabam mai saurin kisa, musamman ga ƴaƴan kyanwa. Kuma ki lura, kyanwa gwanar ɓoye ciwo ce, takan nemi ƙarƙashin gado ta yi shiru, don haka shirunta ba sauƙi ba ne.

Ke ma ki tsare kanki. Ki wanke hannu da sabulu bayan kowace jinya, ki kwashe kashinta kowace rana, kuma idan akwai mai juna biyu a gidan kada a bar mata wannan aiki, saboda wata ƙwayar cuta da kashin kyanwa kan ɗauka tana iya taɓa abin da ke ciki. Idan ta cije ki ko ta yakushe ki har jini ya fito, ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 ki je asibiti, domin ciwon haukan kare yana kama kyanwa, kuma ba a warkewa daga gare shi idan alamominsa suka bayyana. Bayan ta murmure ki nemi a yi mata allurar rigakafinsa da ta murar, ki kuma sani cewa ɗaya daga cikin ƙwayoyin murar kan kwanta a jikinta har ƙarshen rayuwa, ya riƙa tasowa idan ta shiga wahala ko firgici. Murar kan ɗauki mako ɗaya zuwa uku. Idan wani ya ce miki ɓata dukiya ne kai kyanwa wurin likita, ki tuna masa hadisin matar da aka azabtar saboda ta tsare kyanwa ba ci ba sha har ta mutu. Wanda ya ajiye rai a gidansa haƙƙin wannan rai yana wuyansa.

Game da masu karatunki, ki rubuta musu saƙo ɗaya ki ce kina jinya, za ki riƙa sakin shafi sau biyu a mako har Allah ya kawo sauƙi. Mai ƙaunar labarinki zai jira, kuma labarin da aka rubuta da tsakar dare cikin gajiya da fargaba ba ya kai wanda aka bari ya nuna. Ba na cewa ki ajiye alƙalami gaba ɗaya, zama kusa da ita kina rubutu yana kwantar mata da hankali, ke ma yana rage miki damuwa. Sai dai ki ware shafi ɗaya a wayarki ki riƙa rubuta lokacin da ta ci, da yawan ruwan da ta sha, da ko ta yi fitsari da kashi, da adadin numfashinta. Idon da kika horar wajen lura da yadda jarumar shirinki take sauya murya idan ta ɓoye magana zai yi miki aiki a nan, kuma likita zai fi amfana da wannan rubutu fiye da a ce masa "jikin dai da sauƙi".

Maganar satar fasaha tana buƙatar a rarrabe. Ɗaukar mutanen da aka sani a gina musu sabon labari tsohon abu ne a wurinmu, domin Gizo da Ƙoƙi ba su da mai su, kowace kaka tana ƙara musu nata. A ƙasashen Turawa wannan ɗabi'a ta masu kallon talabijin ta yi ƙarfi ne bayan an fara nuna shirin Star Trek a Amurka a 1966, inda masoyansa, mafi yawansu mata, suka riƙa buga ƴan mujallu na labaran da suka ƙirƙira suna rabawa tsakaninsu. Intanet ta faɗaɗa abin, kuma dandalin Wattpad da aka kafa a Kanada a 2006 yanzu cike yake da rubutun Hausa. Mu ma tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014 kuma shirye-shirye masu dogon zango suka yawaita a talabijin da YouTube, mai kallo ya samu mako guda tsakanin kashi da kashi yana tunanin abin da zai biyo baya, daga wannan tunani kuwa rubutu irin naki yake fitowa. Bambancin shi ne mutanen shirin da kike kallo suna da mai su: akwai wanda ya zauna ya ƙirƙire su, akwai kamfanin da ya zuba kuɗi. Nijar tana cikin ƙasashen yarjejeniyar Bangui ta 1977 wadda ta kafa ƙungiyar OAPI mai kare haƙƙin fasaha, kuma muna da hukumar kare haƙƙin mawallafa, BNDA, a Yamai. A ƙa'idar wannan haƙƙi, sarrafa aikin wani a fitar da sabo daga cikinsa yana hannun mai aikin ne. Abin da aka saba gani shi ne masu shiri sukan kau da kai daga rubutun masoya muddin kyauta ne, domin yana ƙara wa shirin farin jini, amma wannan kawaici ne, ba izini ba ne.

Don haka idan za ki ci gaba a kyauta, ki rubuta a saman kowane shafi cewa mutanen labarin na masu shirin ne, ƙirƙirar abin da ya faru ce kawai taki, kuma idan masu shi suka ce ki daina, ki daina. Kada ki kwafe hirar da aka yi a shirin ki jera, wannan ne ya fi kusa da satar da aka zarge ki da ita, kuma ba ya ƙara wa mai karatu komai. Inda irin rubutunki yake da daraja shi ne giɓin da shiri ya bari: ƴar aikin da ake nunawa tana kawo ruwa ba a taɓa jin tarihinta ba, daren da kyamara ta tsallake, dalilin da ya sa uwar miji ta zama yadda take. Ki riƙe halin kowa kamar yadda aka san shi, idan za ki sauya shi ki nuna abin da ya sauya shi. Ki kuma yi wa waɗanda ba su kalli sabon kashi ba gargaɗi a farkon shafi, domin da yawa sai sun samu kuɗin data ko an tura musu a waya suke kallo.

Abin da na fi tsananta a kansa shi ne ki raba ɗan wasa da rawar da yake takawa. Ki kira mutanenki da sunansu na cikin shiri, kada ki kira su da sunan ƴan wasan na gaskiya, kada ki ɗora hoton ƴar wasa a bangon labarin soyayya ko na cin amana. Waɗannan mutane ne masu iyaye da aure da ƴaƴa, kuma shafi ɗaya da aka yanko daga labarinki yana iya zagaya wayoyi a matsayin labarin gaskiya. Wannan ƙazafi ne a addini, kuma dokar laifuffukan intanet ta Nijar ta 2019 ta tanadi hukunci a kan ɓata suna ta hanyar sadarwar zamani. Idan kuma kika saka jinyar kyanwa a cikin labari, wanda nake ganin zai yi kyau domin kin san shi daga ciki, ki rubuta jinyar daidai, saboda masu karatu suna kwaikwayon abin da jaruma ta yi.

Karɓar kuɗi kuwa ban ba ki shawararsa ba a kan mutanen da ba naki ba, domin a nan ne kawaicin masu shiri yake ƙarewa, kuma suna da gaskiya. Idan kina son rubutu ya zama sana'a, ki ɗauki abin da kika koya na gina hira da jan hankali ki ƙirƙiri naki mutanen, kuma sauya suna kaɗai bai isa ba, sai kin sauya tarihinsu da matsalarsu da garinsu. Mafi yawan labaran da muke karantawa a waya a Kano ko Abuja ko Kaduna suke faruwa, da naira ake ciniki a cikinsu, alhali ga Maradi da babbar kasuwarta, da ƴan kasuwar da ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina, da lambunan bakin gulbi, da ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, da Hausarmu da take gauraye da Faransancin lakwal, kusan babu mai rubuta su. Ki kammala labarin kafin ki fara saki, ki ajiye kwafinsa mai kwanan wata a wuri biyu, ki nemi yin rajistarsa a BNDA, sannan ki buɗe zauren biya da sunanki a kansa.